Attahir Mai Goge da Kujerar da Aka Ce Ba Tasa Ba Ce

Shekara bakwai ke nan da muka kai Attahir makwancinsa, a wata maƙabarta da ke bayan garin Alƙahira, can inda gine-gine ke ƙarewa yashi ya karɓa. Kowace shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma in fasa, don na san da zarar na fara raina zai ɓaci, kuma an tarbiyyantar da mu a kan kada a haɗa tuna mamaci da faɗa. Bana na ajiye wannan ladabi gefe. Zan rubuta, in ran ya ɓaci ya ɓaci.

Masu karatu a gida ba su san shi ba, ko a nan Masar ma ɗaliban Najeriya kaɗan ne suka san shi. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa za su aikin Hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Nilu, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su ci gaba, noman da har yau jikokinsu ba su gama ba. Sana'arsa goge, amma ba irin namu mai tsirkiya ɗaya ba, na Turawa mai tsirkiya huɗu da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Ya koya a Khartoum, ya zo Masar yana saurayi, ya samu kujera a wata okestira mai zaman kanta da ke yin gwajinta a unguwar Zamalek. Okestira, ga wanda bai taɓa gani ba, taron makaɗa ne masu yawa, kowa a zaune da takardar kiɗa a gabansa, mutum ɗaya yana tsaye da 'yar sanda yana ba su umarni. Shi wannan na tsayen ake kira mayistiro.

Ni kuwa daga Gusau na zo karatun addini, ina haya da wasu ɗalibai a Abbasiya. Kewar miyar gida ce ta haɗa mu. An ce mini a unguwar Arba wa Nus, inda 'yan Sudan suka fi yawa, ana samun busasshiyar kuɓewa, na hau mota na tafi. Ina tsaye a shago ina ƙunƙuni da Hausa a kan tsadar abin, sai wani dogon mutum sanye da baƙar kwat, rataye da wata 'yar akwati a kafaɗa, ya juyo ya dube ni.

"Ya zol, bawan Allah, kai ɗan ina ne?" ya ce. "Haɗeja tana nan?"

Na ce tana nan.

"Alhamdu lillahi. Kakata ta mutu tana tambaya."

Bai taɓa taka Najeriya ba har ya koma ga Allah. Hausarsa irin ta tsofaffi ce da aka yayyafa wa Larabcin Sudan, wani lokaci sai ya faɗi kalmar da rabona da jin ta tun a bakin tawa kakar. Ranar a gidansa na ci abincin rana, matarsa Sa'adiyya ta yi mana miyar kuɓewa da wata siririyar gurasar dawa irin tasu. Sai da na ƙoshi na tambayi abin da ke cikin akwatin. Da ya buɗe na ga goge, na gyara zama na fara jero masa abin da malamai suka ce game da kayan kiɗa, kamar yadda duk sabon ɗalibi yake yi idan Allah ya ba shi wanda zai yi wa wa'azi. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Tamam, Maulana. Amma miyar da ke cikinka wannan akwatin ce ta sayo ta. Ka dawo da ita tukuna, sai mu ci gaba da darasi." Daga ranar sunana ya zama Maulana a gidan, ni kuma ina ce masa Yaya, don ya ba ni shekaru da dama. Ban canza ra'ayinsa ba, bai canza nawa ba, a haka muka yi shekara goma sha wani abu muna cin abinci kwano ɗaya.

Sau ɗaya na taɓa bin sa wurin gwajinsu, shi ma don daga can za mu wuce dubiyar wani mara lafiya. Na zauna a ƙarshen zauren ina jan carbi don in kare kaina, amma idona yana kansu. Ni da na ɗauka makaɗi sarkin kansa ne, irin na garinmu da ke zuwa biki in sun ga dama su tashi in sun ga dama, sai na tarar da mutane masu furfura ana juya su fiye da yadda ake juya mu a aji. An yanka musu lokacin zuwa, wanda ya makara ya tarar da ƙofa a rufe. An nuna wa kowa kujerar da zai zauna. Ba a ɗora ƙafa kan ƙafa, ba a magana, tari ma in ana iya haɗiye shi a haɗiye. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hannuwansu. Duk masu goge, sandar gogensu tare take hawa tare take sauka, kuma ba su ke zaɓa ba. Babbansu da ke kujerar gaba shi ke yanke inda za a ja sama da inda za a ja ƙasa, kowa ya sa alama da fensir. Mayistiro ya tsayar da su a kan 'yar gaɓa ɗaya, ya sa suka yi ta maimaitawa har ni da ba na saurara na gaji. Attahir, mutumin da a gidansa ba a katse masa magana, sai cewa yake "Hadir, mayistiro," wato an gama, ranka ya daɗe.

A hanya na ce masa, mu a babin ijara an karantar da mu cewa ɗan ƙwadago iri biyu ne. Akwai wanda ka ɗauka don lokacinsa, yana ƙarƙashin umarninka daga safe zuwa yamma. Akwai kuma irin tela ko maƙeri, mai karɓar aikin kowa, ka ba shi yadinka ka yi tafiyarka, yadda zai riƙe almakashi ba ruwanka. Na ce, "Yaya, kai kam na farkon ne. Ko hannunka ba naka ba ne." Ya yi dariya ya ce, "In za a ba ni umarni, na farkon ne. In za a ba ni haƙƙi, tela ne ni." Ni ma dariya na yi a lokacin.

Abin da yake nufi shi ne, a wannan okestira direban motar kaya ma'aikaci ne, mai gadi ma'aikaci ne, matar da ke jera takardu a ofis ma'aikaciya ce, duk suna da hutu da inshorar lafiya. Makaɗan da saboda su aka ɗauki direban da mai gadin kuwa 'yan kwangila ne, kowace kakar wasa sai an sake kiran mutum, in ba a kira shi ba shi ke nan. Attahir ya haura shekara goma sha biyar a kujera ɗaya a kan wannan tsari. Don kada in zalunci kowa, ba duka makaɗan ne ke ƙin tsarin ba. Matasan cikinsu sun fi son sa, tunda yana ba su damar yin kiɗan biki da na otal da na talla ba tare da neman izinin kowa ba, shi kansa Attahir yakan taɓa bikin 'yan Sudan ranar da ba su da aiki. Ita ma okestirar ba hamshaƙiya ba ce, da tallafi take numfashi, bana a samu baɗi a rasa. Duk na san wannan. Amma na lura masu yabon 'yancin ɗan kwangila duk masu lafiya ne.

Yanzu sai in faɗi wasu al'adu biyu na makaɗan nan, don a tsakaninsu Attahir ya maƙale. Ta farko, masu goge bibbiyu suke zama, mutum biyu takarda ɗaya, a ɗore kan wani ɗan ƙarfe a gabansu. Idan an kai ƙarshen shafi, na ɓangaren ciki shi zai dakata ya miƙa hannu ya juya, na waje ya ci gaba da kiɗa don kada sauti ya yanke. Attahir na ciki ne. Na wajensa wani dattijo ne Kirista ɗan Masar, Ustaz Girgis (a nan Ustaz laƙabin girmamawa ne kawai), mai tabarau mai kauri, hannunsa yana 'yar rawa in dai ba goge yake riƙe da shi ba. Shekara da shekaru Attahir ke juya masa shafi. Yakan ce ya san numfashin Girgis fiye da na Sa'adiyya, ya san inda idon tsohon yake a kan layi, kuma in aka juya da wuri ko aka makara tsohon zai ɓata, matasan baya su yi ƙus-ƙus, a fara maganar ya kamata ya je ya huta.

Ta biyu ita ce abin da suke kira badil. Idan makaɗi yana da uzuri ba ya barin kujerarsa wayam, abin kunya ne a wurinsu. Sai ya nemo wani makaɗi da ya yarda da hannunsa ya tura a madadinsa, shi zai sallame shi daga aljihunsa. Ofis ya san da haka, yana ma jin daɗin abin, tunda an ɗauke masa wahalar nema.

A lokacin da nake magana na gama karatu, na zauna a Alƙahira ina yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga Najeriya tafinta, don haka na san asibitoci kamar yadda na san masallatai. Da ƙafafun Attahir suka fara kumbura ni na kai shi wurin likita, tare muka ji sakamako. Ƙodojinsa sun gaza, sai an riƙa wanke masa jini da na'ura sau uku a mako. Ranakun wankin suna karo da ranakun gwaji, wanda kuwa ya sauko daga kan wannan na'ura cokali ma da ƙyar yake ɗagawa balle goge.

Na ce ya je ya gaya wa ofis. Ya ce ɗan kwangila ba shi da hutun rashin lafiya, in suka ji kalmar ƙoda, kaka mai zuwa ba za su kira shi ba. Dalili ne mai ƙarfi, na kuma yarda da shi. Amma na san mutumina, na san akwai wani dalilin a ƙarƙashin wannan. Mu dai, na Sudan da na gida, ba ma son a ji ciwonmu a bakinmu. Sannan ga Girgis.

"In na bar kujerar babu kowa, wa zai juya masa?" in ji Attahir. "Ya ajiye goge ya tsaya laluben takarda a gaban mutane? Khalas, shi ke nan, Maulana, zan tura Hisham."

Hisham wani magidanci ne ɗan Masar da Attahir ya taɓa koyarwa, mai iyali, mai neman inda zai sa ƙafa. Attahir ya zaunar da shi a ɗakinsa. Kiɗa dai Hisham ya iya, abin da aka koya masa shi ne Girgis: yadda tsohon ke ɗan ɗaga gira idan an kusa ƙarshen shafi, yadda ba ya son a goge masa hannun riga wajen miƙa hannu. Ni kuma ya sa na yi alkawarin ba zan buɗe baki a Zamalek ba. Aka ɗauki kusan shekara a haka, yau shi, gobe Hisham.

Ana cikin wannan sai ga labarin da makaɗan suka daɗe suna jira. Masu tallafa wa okestirar sun matsa lamba, sun ce ba za su ci gaba da sa hannu a inda ba a san matsayin makaɗa ba. Hukumar okestirar ta yarda za ta raba su gida biyu, waɗanda za a tabbatar su zama cikakkun ma'aikata da inshorar lafiya, da waɗanda za su ci gaba da zama 'yan kira. Ranar da ya ji, Attahir ya bugo mini waya muryarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Inshorar nan ita ce za ta riƙe masa wanki uku a mako, wanda aljihunsa ya riga ya fara gazawa a kai. Ba mu ma yi shakka ba. Wa za a tabbatar in ba mutumin da ya yi furfura a kujerar ba?

Ba a sa sunansa ba. Ya ce in raka shi wurin manajan, wanda suke kira mudir, wai ko kwarjinin rawanina zai yi aiki. Mudir mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mana shayi, ya kira Attahir ɗan uwa. Ya ce lauyansu ne ya ba su ma'auni: ma'aikaci shi ne wanda ake bukatarsa shi a kan kansa, wanda kuwa zai iya turo wani ya yi aikin, wannan mai zaman kansa ne.

"Ustaz Tahir," ya ce, haka suke kiran sa, "kai da kanka ka nuna mana. Kusan shekara kana turo wanda ka ga dama, kana sallamarsa da kanka, ba ka nemi izininmu ba. Goge naka ne, kwat taka ce. A wace doka wannan ba ɗan kwangila ba ne?"

Attahir ya cire kwat, ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna masa inda ake soka allurar na'ura, wurin ya tasa ya yi baƙi. Ban taɓa ganin ya nuna wa wani ba in ba likita ba.

"Ga inda nake zuwa, ya Ustaz."

Fuskar mudir ta canza, kuma na yarda ba wasan kwaikwayo yake ba, abin ya taɓa shi. Ya ce, "La haula. Me ya hana ka faɗa? Da ka faɗa ka bar kujerar, da mun san rashin lafiya ne. Yanzu an riga an rufe, kamfanin inshora kuma ba zai karɓi wanda ya riga ya kwanta ba. Ma'alish, sai haƙuri."

Ni ne na kasa haƙuri. Na tambaye shi ɗan kwangila nawa suka taɓa ba hutun rashin lafiya. Na ce mutumin da kuka yanka wa inda zai zauna, da launin safarsa, da lokacin da hannunsa zai hau ya sauka, yau shi ne mai zaman kansa? Badil ɗin da kuka yi shekaru kuna cin moriyarsa, yau shi ne hujja a kansa? Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamaci mai rawani. Attahir ya dafa mini gwiwa ya ce da Hausa, "Bari, Maulana. Kada mu fita da kunya biyu." Sai da ya sa muka shanye shayin, wai ba a barin shayin mutum a kofi, sannan muka fito.

A cikin waɗanda aka tabbatar akwai Hisham, tunda fuskarsa aka fi gani a kujerar a wannan shekara. Ya zo har Arba wa Nus idonsa jawur, ya ce zai ƙi karɓa. Attahir ya ce masa, "Ka ƙi, su ba wanda bai san Girgis ba? Karɓi abinka, kana da yara."

Abin da ya biyo baya na sha ganin sa a aikina, amma ban taɓa ganin sa a jikin wanda nake cin abinci da shi ba. 'Yan Sudan na unguwar sun yi karo-karo, ɗalibanmu na Abbasiya sun yi nasu, makaɗan ma sun haɗa abin da ya sawwaƙa, Girgis ne ke kawowa da kansa a motar haya. Sai dai masu karo-karo suna gajiya, ciwon ƙoda kuwa ba ya gajiya. Wanki uku ya koma biyu. Attahir yana ce wa mutane likita ne ya rage, ni kuwa na san likitan. Biyu ya zama ɗaya da alkawarin na biyu. Jikinsa ya cika da ruwa, yatsun da ke gudu a kan tsirkiya suka yi kauri, ya koma barci a zaune don in ya kwanta numfashi ba ya fita.

Wata rana da la'asar na same shi jingine da bango yana waya da Hisham. Za su yi wasa da yamman nan, yana tuna masa wani wuri da shafin ke ƙarewa a tsakiyar gudu, yana cewa ya lanƙwasa gefen takardar tun kafin a fara don kada yatsa ya suɓuce. Da ya ajiye wayar ya daɗe yana mayar da numfashi. Sau ɗaya ke nan na ji ya yi ƙorafi. Ya ce, "An cuce ni, Maulana. Ba na so in mutu ina jin haka, amma an cuce ni." Na riƙe masa hannu kawai.

Ya rasu wata Talata da hantsi, a cikin motar haya, a cunkoson da ke tsakanin Arba wa Nus da asibiti, kansa a kafaɗar Sa'adiyya. Okestirar ta fitar da ta'aziyya mai daɗin ji. Sun kira shi ginshiƙin gida, sun kira shi ɗan uwa, sun kira shi uba. Kalmar ma'aikaci ce kawai ba ta fito ba. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Idan aiki ya bi da ni ta Zamalek nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan, Alƙahira ta cika da mutanensa, cikinsu har da makaɗan da a Khartoum ake miƙewa tsaye in sun shigo. Ina ganin su a Arba wa Nus rataye da akwatunansu suna jiran waya ta yi ƙara. Yanzu kwangilar kaka guda ma gata ce. Saƙo ake jefawa a guruf na waya, ana neman masu goge jibi, wanda ya riga amsawa shi ne. Ba a san sunanka ba balle a san ƙodarka. Ina jin da farko murna zai yi da ganin 'yan gida, ya cika ɗakin Sa'adiyya da baƙi kamar yadda ya saba, har ta fara harararsa. Daga baya zai zauna ya ga cewa shi da ya yi kuka da kujerar aro, waɗannan ko aron ba su samu ba, kuma na san ba zai ji sanyi da wannan ba.

Muhawarar kuma tana nan inda ya bar ta. Ina jin a wasu ƙasashe ma ana yin ta har gaban alƙalai, wannan ya ce makaɗan okestira ma'aikata ne, wancan ya ce 'yan kwangila ne. Ni ba lauya ba ne, kuma har yau ban je wasan kiɗa na sayi tikiti ba. Amma abin da idona ya gani ya ishe ni ra'ayi. Wanda ya mallaki lokacin mutum da zamansa da motsin hannunsa shekara da shekaru, ba shi da bakin cewa bai san shi ba ranar da ya kwanta. Kada mai karatu a gida ya ce ai wannan matsalar masu goge ce a wata ƙasa. Ya dubi malamin makarantar kuɗi da ke unguwarsu, da direban da ke kai yaransa, da wakilin jaridar da yake riƙe da ita, ya tambaye su me ake kiran su ranar da suka kwanta ciwo.

Bara na haɗu da Hisham a tashar jirgin ƙasa na metro da ke Abbasiya, shi ma furfura ta fito masa. Na tambaye shi ko ana tuna Attahir a wurinsu. Ya sunkuyar da kai ya ce ana tunawa. Duk sabon da aka ɗauka, tsofaffi sukan ja shi gefe su ce masa kada ya yi irin ta Tahir: kada ka tura kowa a madadinka, kada ka koya wa kowa kujerarka, in faɗuwa za ka yi ka faɗi a kanta. Ya ce ya ga mace ta zo gwaji tana rawar ɗari da zazzaɓi, ya ga wanda ya binne mahaifinsa da safe ya zo wasa da yamma. Abin da sunan Yaya ya zama ke nan a wurin da ya ba ƙuruciyarsa, abin tsoratar da sababbi. Hisham ya ƙara da cewa yawancinsu ma sun bar takarda, kowa da allon na'urarsa, da ƙafa ake taka wani abu shafi ya juya da kansa.

Wannan hira ce ta sa na nemi Ustaz Girgis. Ya daɗe da ajiye aiki, yana zaune wurin 'yarsa a wani tsohon bene, ido ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma ya gane muryata. Muka yi hirar Attahir, yana dariya yana share ƙwalla. Na ga tsoho ne da kwanansa suka yi nisa, na ce bari in ba shi abin da zai riƙe. Na gaya masa cewa ba tsoron ofis kaɗai ya sa Attahir turo Hisham ba, cewa ya yi ba zai bar Girgis yana laluben takarda a gaban mutane ba.

Tsohon ya ajiye kofinsa.

"Ya ibni," ya ce, wato ɗana, "ni fa na daina ganin takardar nan tun kafin ya fara ciwo. Baƙi-baƙi kawai nake gani. Tsofaffin kiɗan duk suna kaina. In an kawo sabo, 'yata ke karanta mini a gida har in haddace."

Na ce to ɗaga girar da yake yi in an kusa ƙarshen shafi fa?

"Don shi nake yi. Na san inda shafin ke ƙarewa, sai in ba shi alama. Mutum yana yi maka hidima da zuciya ɗaya, ka ce masa ba ka bukata? Kuma da magana ta fita cewa ba na gani, da ba su sake kira na ba. Ni ma ɗan kwangila ne." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Da ya tambaye ni."

Na sauko daga benen. Mutum biyu sun yi shekaru kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana ɓoye wa ɗan uwansa lalurarsa, rabi don kara, rabi don tsoron kada a ƙi kiran sa kaka mai zuwa. Karar ba na ganin laifinta, a cikinta aka raine mu. Tsoron kuwa dasa musu shi aka yi, kuma har yau ban huce da waɗanda suka dasa shi ba.

Idan na auna abin da ya rage na Attahir, ba shi da yawa. Babu faifai mai sunansa, a okestira ba a jin sautin mutum ɗaya. Gogen yana saman kwaba a ɗakin Sa'adiyya, ta ƙi sayarwa, ta kuma hana 'ya'yansu koya. Akwai gargaɗin da ake yi da sunansa a Zamalek. Akwai ni, da ban canza fatawata ba, amma ba na iya wuce mai rataye da irin akwatin nan ban yi masa sallama ba. Sai kuma labarin da Sa'adiyya ke ba 'ya'yanta, wanda na sake ji ranar Juma'ar da ta wuce da na kai musu ziyara, cewa ubansu ya rasa kujerarsa da ransa ne saboda ya ƙi barin wani tsoho ba mai juya masa takarda. Da wannan labari take tashi da safe ta tafi aikatau gidajen mutane, da shi ta raini yaran har suka tasa. Da ta gama ta juyo ta dube ni.

"Ko ba haka aka yi ba, Maulana?"

Na ce haka aka yi.

Sa'adiyya Larabci take karantawa, ba ta karanta boko, yaranta ma haka. Shi ya sa na iya rubuta sauran a nan. Duk wanda ya karanta wannan, kuma yake da hanya zuwa Arba wa Nus, ina roƙonsa don Allah ya bar shi a cikinsa.